Yadda Na Kori Injin Ban-ruwa da Bakina

Tun kafin wani ɗan gulma ya riga ni, bari in faɗa da kaina: wawan labarin nan ni ne. Jikana Mu'azu ma Allah bai hana shi nasa rabon wautar ba, amma tasa ta ƙuruciya ce, ana warkewa. Tawa kuwa da furfura na tafka ta, ni da na yi aji huɗu a firamare, na kuma wuce Sabbi a allo kafin malam ya ba mahaifina shawara a mayar da ni lambu.

Azumin bana a bakin bazara ya same mu. Tun hantsi ƙasa ke cin tafin ƙafa, iska in ta taso sai ka ce daga bakin murhu ta fito. Tafkin da muke lambu a bakinsa ya fara ja da baya, kututturan itatuwan da ya haɗiye tun muna yara sun leƙo da kawunansu baƙi ƙirin. Albasata kuwa tana sa kai, lokacin da ba ta yafe wa kowa ƙishirwar yini ɗaya. Da ƙwarya nake ba ta ruwa, yadda ubana ya yi: in duƙa, in ɗebo, in watsa, in koma. Maƙwabtana na dama da na hagu duk sun sayi inji. Su ja igiya, inji ya yi tari ya kama, su koma gindin mangwaro su miƙe ƙafa suna ce mini, "Sannu da ƙoƙari, Malam Garba." Wannan sannun ta fi zagi ciwo.

Alhali a gidana akwai inji, siffarsa ce kawai ba ta inji ba. Yana kan cinyar Mu'azu. Ubansa Haruna, wato ɗana, shi ya sayar da maraƙi ya saya masa kwamfuta da zai tafi karatu Birnin Kebbi. Yaro ya gama ya dawo, muna jiran a ce ga ofis, sai ya ce wai shi gem zai ƙera.

Ga waɗanda ba su yi boko kamar ni ba, gem wasa ne da ake zubawa cikin waya, mutum ya yi ta dannawa har tuwonsa ya huce. Ƙera shi kuma sai an zauna an rubuta wa na'ura umarni layi bayan layi, kamar mai aiken wawan bara: in ka ce ya tafi kasuwa ba ka ce ya tsaya a bakin gulbi ba, cikin ruwa zai faɗa, kuma laifinka ne.

Da yaron ya ce ƙaramin abu zai yi, da ban tanka ba. Ina! Ƙasar Yauri gaba ɗaya zai zuba a ciki. Tafki tun daga Yelwa har Wara, da kowane gungu, wato tsibiri, da kasuwar kifi, da dorinar ruwa, da mayaƙa a cikin jirage, da sarki, da mutum ɗari kowa da sana'arsa. Ya ce mutanen Legas za su buga, har Turawa. Tun kaka yake kai, kullum ya saɓa jaka zuwa shagon caji ya dawo. Ran nan na leƙa ta bayan wuyansa, don ba a ce tsoho ya yanke hukunci bai ga shaida ba. Na ga wani mutum ba kai yana tafiya, ya ratsa ta cikin bangon masallaci, ya nutse cikin ƙasa har ƙugu, ya ci gaba da tafiya a haka. Can sama kuma dorina ce ke shawagi kamar shirwa.

Na ce, "Kai ɓarawon mata, wanga mi ne?"

Ya ce, "Tsoho, matsa, kana kare mini haske. Ƙaramar matsala ce."

"Kansa ina yake?"

"Zan sa masa."

"Kai ma Allah ya sa a sa maka naka."

Kakarsa Kulu, matata, tana tankaɗe a bakin ɗaki. Ta ce, "Malam, ka fita harkar angona. Kishi ne ke cin ka, ya fi ka kyau, ya fi ka haƙora."

Haka dai. In ya sa wa mutumin kai, jirgi ya shiga kasuwa ya tattake masu kifi. In ya fitar da jirgi, tafki ya ɓace. Na'urar ta yi zafi kamar kaskon waina, yaron ya rame, ya koma faɗa da kaji.

Ranar da aka ga watan azumi Haruna ya gaji. Ya ce masa a gabanmu, "Ni ban san kan abin nan naka ba, amma na san abin da aka gama. Daga yau zuwa Sallah, ka nuna mini wasa ɗaya da ke da kai da gindi, wanda baƙo zai karɓa ya buga ba ka tsaye a kansa. In babu, ranar kasuwar farko bayan Sallah na'urar nan za ta Yelwa, in sayo wa Baba injin ban-ruwa."

Jama'a, ban taɓa son Haruna kamar ran nan ba. Tun daga lokacin na shiga yi wa dorinar nan addu'a kada Allah ya sauko da ita. Kuma da na yi shiru, da yanzu ina gindin mangwaro. Amma sai Shaiɗan, wanda aka ce an ɗaure, ya aiko mini da ƙaninsa, ya ce in ƙarasa yaron da baki, ya karaya tun kafin wa'adi. Wata rana bayan shan ruwa, kunun tsamiya ya sauka, na gyara zama na buɗe masa shekarar yunwa.

Lokacin Kulu tana amarya, ko lallen ƙafarta bai gama fita ba. Damina ta zo da fara'a, aka yi ruwa mai kyau, muka shuka gero, ya tsiro, ya kai gwiwa. Sai sama ta kulle. Hadari kan haɗu a gabas da la'asar, ya yi baƙi har kaji su nufi akurki, mata su jera tukwane, sai iska ta zo ta naɗe shi ta kai wa wasu. An fita roƙon ruwa har goshinmu ya ƙone a kan ƙasa. Gero ya murɗe ganye, ya yi fari, akuya ma sai ta shinshina ta wuce. Kaka ta zo ba a ji sussuka a gidan kowa ba.

Innarmu ce ke shiga rumbu, ita kaɗai, ta fito da abin da ta ɗebo a lulluɓe cikin zane don kada mu ga yawansa. Tuwo ya koma kunu, kunu ya koma ruwa mai launi. Aka shiga kwaɗon tafasa ba ƙuli, ba mai, gishiri kaɗai. Mata su shiga laka har cinya su tono bado. Kada ka ce ai ga kifi. Duk wanda gonarsa ta mutu ya zama masunci a shekarar, ragar birgi ta fi kifi yawa a ruwa, warangi, mitsitsin kifin da ake watsa wa agwagi a da, shi ake raba wa yara a tafin hannu. Tafkin ma bai cika ba. Baƙin ruwan nan da ke zo mana daga nesa lokacin sanyi ya zo kamar mai jin kunya, ya leƙo ya juya.

Saura albasa. Irinta na cikin gora a rataye a ɗakin Babanmu, shi ke nan abin da ya rage mana a duniya.

To, Baba yana da doka, ya gaje ta wurin nasa uban tun suna zaune a gungu kafin ruwa ya tashe su. Ba a yanka wa ɗa fili sai ya yi renon iri a cikin mataccen jirgi. Kwalekwalen da ya tsufa ya daina shiga ruwa, a cika shi da ƙasa da taki, a ba ka ɗan iri a tafin hannu. Ka yayyafa, ka rufe da ciyawa, ka shayar safe da yamma, ka kore kaji, har ya kai dashe. In ya mutu, tafin hannu ɗaya aka yi asara. Ni na yi nawa, na sha dundu a kai. Yayana Ɗanladi bai yi ba, don tun yana saurayi ya bi masu aikin hanya Kwantagora. A shekarar ya dawo da dogon wando da agogo a hannu, yana kallonmu kamar tumaki.

Ya ce, "Baba, babbar yunwa ba a kashe ta da lambun yara. Ga ƙasa ruwa ya bari, baƙa, ba mai ita. A watsa iri gaba ɗaya kamar shinkafa, wane reno, wane dashe!"

Baba na kwance da ciwon ƙafa, ba shi da ƙarfin gardama. Ɗanladi ya sauke gora ya juye. Abin da ya maƙale a gindinta shi aka miƙo mini, kamar sadaka.

Ya kira gayya. Akuyarmu ta ƙarshe, wadda Inna ke tatsa wa yara, ita aka yanka. Har makaɗi ya ɗauko. Mutane suka zo, ba don son Ɗanladi ba, don ƙamshin nama. Maza da haƙarƙari a waje suna sara ƙasa, ganga na tashi, in mutum ya duƙa sai ya dafa hauya kafin ya miƙe don jiri. Suka share fili, wanda ke wannan kai sai ya yi kururuwa na wancan kai ya ji. Aka watsa iri. Kuma ya tsiro, ba zan yi masa ƙarya yana kabari ba. Kore shar, kamar gashin jariri. Har daga ƙauyukan Ngaski ana zuwa kallo, shi kuma yana zagayawa yana duba agogo, ban san me agogon ke gaya masa ba.

Sai ruwa ya ci gaba da abin da ya saba. Ka kafa kara a bakinsa da yamma, da safe ka iske karan a tsaye cikin laka, ruwa ya yi gaba. Ana sallame asuba gidanmu duka mu fita, maza da ƙwarya, mata da tulu. Laka ta riƙe ƙafa, ka zaro wannan ta kama waccan. Kulu na ɗauke da cikin fari, tulu a kai, ciki ba komai sai ruwan tafasa. Kafin mu kai ƙarshen fili, farkonsa ya bushe ya tsage har ka sa yatsa. Tsiron kuma ya cushe, ba wanda ya samu wurin sa kai, ciyawa ta shiga tsakani, ba hannun da zai cire ta. Rana ta take, tulu ya yi zafi a ka, ruwan da ka watsa ya yi cuu ya ɓace kana kallo. Filin ya fara mutuwa daga can nesa, ja-ja, yana matsowa kullum kamar gobarar daji. Ɗanladi ya koma zagi. Mu ne malalata, mu ne 'yan baƙin ciki. Ranar da Kulu ta faɗi da tulu ya ce ta yi da gangan, ranar muka kama kokawa cikin laka, ni da shi, biyu masu yunwa, ba wanda ya iya kayar da wani. Inna ta raba mu da muciya.

Ni kuwa mataccen jirgina na nan, a ciki na yayyafa ɗan irin gindin gora. Abin da Ɗanladi bai sani ba, jirgi ko ya mutu ana jan sa. In ruwa ya gudu, in ɗaura igiya, in sa itace a ƙarƙashi, ni da Kulu mu ja shi mu bi ruwan. Ƙwarya kaɗan ta ishe shi. Da irin ya kai dashe na haƙa rami a inda ƙasa ke da danshi har ruwa ya tsattsafo, na ja 'yan fangalai kewaye da shi, ba su fi shimfiɗar tabarmin masallaci ba. Lawashinsu muka fara ci, Inna na yanka shi cikin kunu don a ji ana tauna wani abu. Da suka ƙosa na loda su a jirgin maƙwabci zuwa kasuwar Yelwa, na dawo da dawa. Ba ta ƙosar da mu ba, amma ba a fitar da gawa daga gidanmu ba, kuma an fitar a wasu gidajen.

Azumin shekarar a wutsiyar bazara ya zo. Ba mu ji baƙuntarsa ba, mun daɗe muna yin wanda ba lada. A cikinsa ruwan farko ya sauka, da rana tsaka, ƙasa ta yi wani ƙamshi har Baba ya sa aka fito da shi ƙofar ɗaki ya jiƙe. Ɗanladi bai ga ruwan nan ba. Tun kafin nan ya saɓa jakarsa ya yi kudu, bai yi wa kowa sallama ba.

Da na kai nan na nuna Mu'azu da ludayi. Na ce, "Kai ne Ɗanladi. Wandonku ɗaya. Ka share fili daga Yelwa har Wara, ko tafin hannu ɗaya ba ka taɓa renawa ba. Ka yanka maraƙin ubanka a gayya. Miƙa na'urar nan tun da sauran mutuncinka."

Na jira ya yi kuka, ko ya tashi ya bar wurin. Bai yi ko ɗaya ba. Can ya ce, "Tsoho, ruwan kullum yake ja, ko yakan tsaya ya huta?"

Na ce, "Kullum."

"In fangali ya bushe, nan take yake mutuwa, ko yakan yi ja tukuna?"

"Yakan yi ja. Mi ya dame ka?"

"Ba komai."

Na shiga ɗaki ina murmushi. Na ce yaro ya karye, har ya fara tambayar aikin lambu.

Bayan kwanaki na lura ba a ƙara zagin kaji ba. Sai kuma yaran unguwa suka tsiro da wata rashin kunya: in na wuce da ƙwaryata su dafa ƙugu su ce, "Wash!" su watse da gudu. Na ɗauka sabon iskanci ne na zamani.

Ana jajiberin Sallah Haruna ya ce a kawo shaida. Ni har na riga na tambayi kuɗin tiyo. Mu'azu ya fito, ba ma da na'urar ba, da wayar ubansa. Daidai nan wata Bafulatana mai tallan nono ta yi sallama, Haruna ya ce to ga baƙuwa, Kulu ta miƙa mata. Ba wanda ya yi mata bayani. Na matso na leƙa.

Babu Yelwa, babu Wara, babu sarki, dorina ta tafi inda ta fito. Allo ɗaya ne tak. Ruwa a gefe, 'yan fangalai a gefe, rana a sama. A tsakiya wani tsoho mai jar hula, a duƙe kamar lauje, da ƙwarya. Ka danna ya ɗebo, ka danna ya watsa. Ruwan yana ja da baya sannu a hankali, fangalin da ka manta ya yi ja, in ka ƙara mantawa ya mutu. Kuma duk sanda tsohon ya duƙa sai ya ce, "Wash!" Da muryata. Ɗan banzan ya ɗauke ta ina tashi daga tabarma ban sani ba.

Bafulatanar ta sauke ƙwaryar nononta ta zauna dirshan. Albasarta ta mutu, ta ce, "Kai! Sake." Ta sake mutuwa, ta ce, "Wanga tsoho ragon banza ne, ba ya sauri." Ƙuda suka taru a kan nono, ko ta kula. Da ƙyar Kulu ta ɓamɓare wayar daga hannunta.

Haruna ya share hawayen dariya. Ya ce, "Baba, ka gani da idonka. Yana da kai, yana da gindi, baƙuwa ta buga. Magana ɗaya nake yi. Inji sai baɗi in Allah ya kai mu."

Na ce, "Wanga abu? Tsoho ɗaya da ƙwarya? Ai ko ni zan iya ƙera shi!"

Mu'azu ya durƙusa a gabana, irin durƙuson da ya fi tsayuwa raini. Ya ce, "Na gode, Tsoho. Duk masu koyar da abin nan haka suke cewa, a fara da ɗan ƙarami a gama shi, ban taɓa ji ba sai a bakinka. A wancan babban ban san inda ciwo yake ba in ya lalace. A wannan kuwa na koyi yadda abu ke motsi, da yadda ake ci, da yadda ake faɗuwa. Bayan Sallah zan yi na biyu, in sa jirgi ɗaya da kututture. In ya zauna, in ƙara kasuwa."

Raina ya gama ɓaci. Inji ya tafi, muryata na yawo daga waya zuwa waya har Shanga, kuma ni na ba da wuƙar da aka yanka ni. Na ce aƙalla in tsira da girman mai wa'azi.

Na ce, "Ka gani? Tun ba a je ko'ina ba jinin Ɗanladi ya motsa. Jirgi! Kasuwa! Ka tsaya inda Allah ya tsayar da kai, kada ka ƙara ko tsinke. Dube ni nan. 'Yan fangalan da na ja a shekarar yunwa, su nake ja har yau, ban ƙara ko ɗaya ba, kuma ban taɓa jin kunya ba."

Kulu tana auna wa Bafulatana kuɗin nono, ko juyowa ba ta yi ba.

Ta ce, "A fara da kaɗan aka ce, Malam, ba a ce a tsufa a kai ba. Angona jiya ya fara, har ya san na biyunsa. Kai tun ina amarya nake jiran naka."